Tsohon Ruwan Auta

Tun ranar da Auta ya sa sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin baya, Yaya ba ta ƙara samun natsuwa a gidan saƙar ba. Kowa na iya sayen kwaɗo, wannan ba abin magana ba ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne da makulli biyu ake sayar da shi, kuma duka biyun suna aljihun ƙanenta.

Gidan saƙar na mahaifinsu ne, ya bar musu su biyu. Doguwar rumfa ce mai rufin kwano, an jera injinan saƙa na katako ta gefen tagogi saboda haske. A tsakar gida akwai babban kwamin siminti da famfo, sai igiyoyin shanya, sai ɗakin bayan nan da a da ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin buhuna. Yaya ce ke riƙe da saƙa da ciniki. Auta, wanda furfura ta fara fito masa a gemu amma sunan bai sake shi ba, shi ke riƙe da rama.

Rama kuwa aikin jira ce. Sai an sale ɓawonta an ɗaure dami-dami, a danne cikin ruwa da duwatsu, a bar shi har naman ɓawon ya ruɓe, zaren da ke ciki ya saki. Tun Yaya na yarinya abin da ta sani ke nan: kusan wata guda ake jira, zaren ya fito ja-ja, mai kaushi, ba ya wuce igiya da buhu. Amma tun bara zaren Auta ya canza. Sati ba ya cika sai ka gan shi yana shanya, fari tas, da laushin da in aka haɗa shi da auduga sai a saƙa yadin da mutum zai sa a jikinsa bai yi susa ba.

Wannan yadin ne ya jawo maganar tallafi. Akwai wani asusu da ke taimaka wa masu sana'ar zare da saƙa waɗanda ba sa ɓata ruwa da ƙasa. Auta ya aika musu ƙyalle, suka yi ta waya da shi, a ƙarshe suka ce za su turo wata ta gani da idonta. Sharaɗinsu ɗaya kowa a gidan ya haddace shi: babu soda, babu bilic, babu wani maganin kanti a cikin ruwan. In tallafin ya samu, za a sake rufin da ke yoyo, a sayi injin kaɗi, a riƙe masu saƙar da suka rage. In bai samu ba, Yaya ta san da wuya gidan ya ga wata daminar a buɗe.

Goggo, ƙanwar mahaifinsu, ita ce mai kaɗi. Tana zaune a kan tabarma kusa da ƙofa, mazari na juyawa a hannunta, bakinta ma haka.

"Wannan ai ba rama ba ce," ta ce wata safiya, tana jan zaren tsakanin yatsunta. "Gashin jariri ne. Ni da na yi shekaru rama na yanka mini yatsa, yau ga ta tana shafa ni kamar mage."

Yaya ta ɗauki ɗan kaɗan ta kai hanci. Ba ta ji komai ba sai ƙanshin rana. Ta ja shi da ƙarfi, bai tsinke da wuri ba.

"Goggo, a saninki, me ke sa rama ta yi fari haka cikin sati?"

"A sanina? Addu'a, ko soda." Goggo ta kalle ta ta ƙasan ido. "Ɗan nan kuwa ban san shi da doguwar addu'a ba."

Ta faɗa ne don a yi dariya, kuma Dogo, mai saƙar da ke kusa da taga, ya yi dariyar. Yaya ba ta yi ba. Ta tuna shekarun baya, lokacin da aiki ya matse su, Auta ya cusa zaren roba cikin auduga bai gaya wa kowa ba. Mai kayan ta kusantar da ashana, gefen mayafin ya narke ya dunƙule a gabansu. Yaya ce ta sa mayafinta ta je ta ba da haƙuri, ita ce kuma aka riƙa nunawa a kasuwa.

Da hantsi ta haɗa shayi biyu ta sami Auta a tsakar gida. Yana tsugune bakin kwami yana ɗauraye zare. Da ya miƙo hannu zai karɓi kofin, ta ga fatar yatsunsa ta yi fari tana salewa.

"Me ya sami hannunka?"

"Ruwa ne, Yaya. Wanda ke wuni cikin ruwa ai ba ya hannun amarya."

"Babanmu ya yi ta wuni cikin ruwa, hannunsa bai yi haka ba."

"Babanmu ma'aikata yake sawa, shi yana daga inuwa yana nuna musu da sanda. Allah Ya jiƙansa."

"Amin." Ta zauna a bakin kwamin. "Auta, me ke cikin ɗakin can?"

Ya hura shayinsa, ya kurɓa, ya yi murmushin nan nasa da ke ba ta haushi tun yana ƙarami.

"Sirrin kamfani."

"Kamfanin da rabinsa nawa ne."

"Ranar da baƙuwa ta zo za ki gani tare da kowa."

"Tare da kowa? Ni ce kowa?"

"Yaya, kar mu ɓata shayin nan." Ya ajiye kofin. "Kin tuna rinin ɓawon albasa? Wa na gaya wa? Ke kaɗai. Ke kuma kika gaya wa ƙawarki mai shagon yadi, wai hira ce. Kafin wata ya zagayo mijinta ya cika kasuwa da irinsa, har yana karya mana farashi. Ban ce kin yi da gangan ba. Bakinki ne ba ya da marfi in kina jin daɗin hira."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta haɗiye.

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Babu soda?"

"Kin ga soda?"

"Ba amsa ka ba ni ba."

"To, babu." Ya mayar da hannunsa cikin ruwa. "Hankalinki ya kwanta?"

Bai kwanta ba. Da ya kalle ta ya faɗa, da wataƙila. Amma zaren yake kallo.

Daga ranar ta fara lura da shi yadda ba ta taɓa yi ba. Ta ga kullum da safe yana shiga ɗakin ya turo ƙofa, ya jima, ya fito da bokiti biyu a rufe da buhu. Ta ga yana juye su cikin kwami sai ya tabbatar babu mai tsayuwa kusa. Ta ga in waya ta shigo daga asusun, waje yake fita. Kowane abu shi kaɗai ba komai ba ne, ita ma ta san haka, kuma takan gaya wa kanta. Amma in ta zauna a kan injinta, ƙafafunta na taka, hannunta na jefa ƙoshiyar saƙa, sai ta ga abubuwan suna haɗuwa da kansu, zare bisa zare.

Ana saura kwana kaɗan baƙuwar ta zo, Yaya ta je kasuwa sayen allurai da man inji. A layin masu kayan sabulu ta hango bayan rigarsa. Ta ja baya ta tsaya a bayan wata rumfar robobi. Yana tsaye a ƙofar shagon mai sayar da soda, suna dariya da mai shagon kamar tsofaffin abokai. Aka mirgino masa shuɗin duro na roba mai marfi, aka ɗora a amalanke. A jikin duron akwai hoton nan na gargaɗi, hannu da ɗigon ruwa na cinsa. Auta ya lulluɓe shi da buhu ya tura.

Ta koma gida ba ta sayi man injin ba.

Ta yi tunanin ta tare shi a gaban kowa. Ta yi tunanin ta kira asusun ta ce a ɗage zuwan. Amma in ta tare shi zai musanta, ya yi fushi, ranar ta zo suna gaba. In ta kira asusun, me za ta ce musu? Ƙanena maƙaryaci ne? Ita ta goya shi. Ita ta riƙa tsinto masa takalman da ya yar a hanya don kar babansu ya gane. Abin da ta saba yi masa ke nan tun fil azal: ya ɓata, ta share kafin a gani.

Ranar zuwan, Auta ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi tasha taryen baƙuwar. Kafin ya fita ya taɓa kwaɗon ya ji yana kulle. Yaya ta jira ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Ta ce wa Dogo da sauran su fita su share gaban gida, su goge allon suna, kar wanda ya shigo sai ta kira. Sannan ta ɗauko sukudireba daga akwatin gyaran inji.

Ba ta taɓa kwaɗon ba. Ƙofar tsohuwa ce, maƙalanta na waje. Ta kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a aljihun rigarta ta aiki, ta ja ƙofar gefe.

Wari ne ya fara tarbar ta, mai tsami, mai nauyi, har sai da ta toshe hanci da gefen mayafi. Ɗakin ya sha shara. An toshe tagar da kwali. Duro uku ne a jere a kan katako, kowanne da hoton gargaɗin nan a jikinsa, an lulluɓe su da tsofaffin barguna kamar masu zazzaɓi. Ta ɗaga marfin na farko. Ruwa ne baƙi-baƙi, kumfa a samansa, ƙananan ƙwayoyin iska na tasowa daga ƙasa. Ta tsoma yatsa. Santsi ta ji, irin santsin da ta sani a ruwan masu yin sabulu. Wani ɗan yanka da ƙoshiya ta yi mata a yatsan ya ɗauki raɗaɗi.

Ta ce a ranta, to. Ya gauraya ta da ruwan rama ne don wari ya rufe ta. Dabara dai tana nan, ba ta bar shi ba.

"Ke 'yar nan."

Goggo ce a bakin ƙofa, mazari a hannu.

"Goggo, koma ki zauna."

"Ki jira shi mana. Ki tambaye shi a gabansa."

"Na tambaye shi. Baƙuwar tana hanya. In ta ce a buɗe ɗakin nan, ta ga wannan hoton, ta ɗibi ruwan nan, mun gama. Ba tallafin kaɗai ba, sunan gidan ma."

Goggo ta leƙa, ta yamutsa fuska saboda warin.

"Ni wasa nake yi ranar, da na ce soda."

"Ni ba wasa na gani a kasuwa ba."

Tsohuwar ta juya. "Idona na kan mazarina. Ban ga komai ba."

Duron sun fi ƙarfin ɗagawa, sai ta riƙa kwasa da bokiti tana kaiwa kwatar da ke bayan katanga. Ta yi ta zirga-zirga har bayanta ya riƙe. Da suka yi sauƙi ta mirgina su waje ta kifar da ragowar. A ƙasan kowanne akwai laka mai kauri da guntattakin ɓawon rama, ta kankare da buroshi. Yaya ba ta iya aiki rabi-rabi ba. Ta zuba garin sabulu ta wanke su ciki da waje, ta ɗauraye, ta bi ƙasan ɗakin da tsumma, ta kora kwatar da ruwan famfo har kumfar ta wuce. Hoton gargaɗin ne ya ƙi fita, don a jikin robar yake, sai ta juya shi ya kalli bango. Ta mayar da marafan da bargunan, ta ɗaura ƙofar, ta wanke hannu, ta sake mayafi.

Da ta zauna a kan injinta, wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ta riga ta tsara abin da za ta ce masa in baƙuwar ta tafi. Ba za ta ɗaga murya ba.

Matar asusun ba yadda Yaya ta zata take ba. Gajeruwa ce mai tabarau, da takalmi mara tudu, ta rataya wata jaka mai kama da kular ƙanƙara. Ta gaida Goggo har ƙasa, ta tambayi Dogo yadda yake ɗaure zaren da ya tsinke, ta zauna a kan inji ta gwada takawa har ƙoshiyar ta kuɓuce mata, aka yi dariya. Ta ɗauki yadin ramar ta goga a kumatunta, ta ɗaga shi ta kalli haske ta cikinsa.

"Na zaga wurare da yawa," ta ce, "ban taɓa irin wannan ba. Hajiya, hannunku na da kyau."

"Mun gode, Malama."

"To, Malam, sai abin da ya kawo ni."

Auta ya gyara tsayuwa. Ya ce kowa ya fito tsakar gida. Ya kalli Yaya da wannan murmushin, ya ce, "Yau marfi zai buɗe, Yaya. Ki ji da kyau, daga yau ko a rediyo kika faɗa ba komai, asusu ya riga ya shaida nawa ne."

Ya tsaya a gaban ƙofar da makulli a hannu, bai buɗe ba tukuna.

"Ruwan da aka jiƙa rama a ciki, kowa zubarwa yake, saboda wari. Wata rana na yi ƙiwar wanke kwami, na jefa sabon dami cikin ragowar ruwan. Sai ya riga sauran saki, ya kuma fi su fari. Na ce a'a. Na sake gwadawa, wannan karon ya baƙanta. Ashe ba kowane tsohon ruwa ba ne. Sai na fara ajiyewa kala-kala, ina zaɓe. Wanda ya ɓata zare in zubar, wanda ya yi kyau in raba shi in ƙara masa ɗanyen ɓawo ya ci. Ba ya son sanyi, ba ya son rana, ba ya son ƙarfe. Shi ya sa nake sayen duron roba wurin mai soda, wanda sodarsa ta ƙare, in wanke in shanya sati guda kafin in zuba. Damina biyu ina kiwonsa, Malama, kamar akuya. Bokiti biyu a kwami, shi ke nan."

Matar asusun tana gyaɗa kai, ta riga ta buɗe jakarta tana fito da ƙananan kwalabe.

"Ƙananan halittu ne a ciki, waɗanda ido ba ya gani," ta ce wa sauran. "Su ke cinye naman ɓawon su bar zaren. Ya yi ta zaɓe har ya tara masu kyau. Su muke so mu ɗiba mu duba. Tallafin nan domin su ne."

Yaya ta kalli ƙofar ɗakin. Ta ji Goggo ta ce "Innalillahi" a hankali, kamar mai magana da mazarinta.

Auta ya buɗe kwaɗon ya tura ƙofar. "Ki toshe hanci, Malama, ba ya da kunya."

Ba wanda ya toshe hanci. Ƙanshin sabulu ne ya fito.

Ya tsaya. Ya shiga da sauri ya yaye bargo ya ɗaga marfi. Ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na uku. Ya zura hannu har kafaɗa ya shafo ƙasan duron, ya fito da yatsunsa ya kalla. Babu komai sai ɗigon ruwa mai tsabta.

Matar asusun ta shiga bayansa. Ta dubi ƙasan da bai gama bushewa ba. Ta kama duro ɗaya ta juya shi, hoton gargaɗin ya fuskanto su. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Fuskar da ta yi dariya a kan inji ta tafi.

"Malam, yau aka wanke waɗannan."

"Wallahi da na fita a cike suke."

"A kulle na ga ƙofar, kuma kai ka buɗe."

"Wallahi, Malama..." Ya fito waje yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya tsaya a kan Dogo. "Kai. Ƙanen matarka ba a shagon yadin can yake aiki ba? Nawa suka ba ka?"

"Ni?" Dogo ya dafa ƙirji. "Ni da nake waje ina shara tun safe? Tambayi Yaya, ita ta fitar da mu."

"Ni ce," in ji Yaya.

Ba a ji ta ba, sai da ta maimaita.

"Ni ce. Na kwance ƙofar ta maƙalai. Ni na zubar, ni na wanke. Dogo bai san komai ba."

Auta ya kalle ta kamar da wani yare ta yi magana.

"Na ga ka sayi duro wurin mai soda," ta ce. "Na ga hannunka. Na tambaye ka, ka ƙi kallona. Na ce kar ta zo ta gani, ka ji kunya."

Auta ya juya. Ya je ya zauna a bakin kwami, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, rigar mai kyau tana shan ruwan simintin.

Matar asusun ta fito daga ɗakin. Ba ta ɗaga murya ba, a hankali ta yi tambayoyinta, irin na wadda take so ta fahimta.

"Hajiya, da kike zubarwa, a zatonki soda ce?"

"E."

"Kuma kin san sharaɗinmu."

"Na sani."

"Wato da soda ce, da yanzu na zaga na ga wuri tsaf, na rubuta cewa komai lafiya."

Matar ta ci gaba da tambaya.

"A ina kika zubar?"

"A kwata. Bayan katanga."

"Ina kwatar take zuwa?"

Yaya ta sani. Tana bi ta bayan gidaje ta gangara ƙaramin rafin da masu lambu ke ɗiba. Sau da yawa ta sayi ganye a wurinsu. Duk zirga-zirgar da ta yi da bokiti, ko sau ɗaya rafin bai faɗo mata a rai ba.

"Rafi," ta ce.

Matar ta mayar da kwalaben cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. Ta nemi a ba ta dunƙulen zare da guntun yadi, ta sa a leda.

"Zan kai wannan ɗakin gwaje-gwaje. In soda ta taɓa shi za a gani, in ba ta taɓa ba za a gani. Ina kyautata zaton zai wanke Malam. Amma ba zan iya rubuta cewa na ga abin da ban gani ba, kuma ba zan iya ƙin rubuta abin da na ji ba. Da sunan gidan nan aka nema, ke ce kuma shugabar gidan. A wannan zagayen babu."

"Malama, laifina ne ni kaɗai. Kar ya shafe shi."

"Shi ya sa zan faɗi wannan a gabanki, don kar ki ji daga baya." Ta juya wurin Auta. "Malam, in ka sake tayar da ruwan, ƙofa a buɗe take. Ba dole sai da sunan gida ba. Mutum ɗaya ma yana iya nema."

Auta bai ɗago ba. Dogo ne ya kai baƙuwar tasha.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi shiru, sai ƙarar injina. Auta yana zuwa, yana gaida Yaya yadda ya saba, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Ya bi kwatar da ƙaramin gwangwani har bakin rafi ko zai sami inda ruwan ya kwanta, ya dawo hannu wofi, don Yaya ta kora ta sosai. Ramar da ya jiƙa a kwami ta koma halinta na da, tana kwance ƙarƙashin duwatsu ba ta da niyyar saki. Yaya ta ba shi haƙuri sau biyu. Duka biyun ya ce, "Ya wuce," yana kallon wani wuri.

Wata safiya ta iso ta tarar da amalanke a tsakar gida. Ya ɗora duron uku, yana ɗaure su da igiya, bargunan a naɗe a sama.

"Ina za ka kai su?"

"Gida. Akwai ɗan ɗaki a bayan kicin, ya fi ɗumi."

"Nan ma ai da ɗumi."

"Da ɗumi," ya ce, ya ja igiyar ya ƙulle.

"Zai sake yi?"

"Ban sani ba. Na farkon ma ban san yadda aka yi ya yi ba. Wataƙila damina ɗaya, wataƙila biyu. Wataƙila ya ƙi."

"Gidan nan ba zai kai damina biyu ba, Auta."

"Na sani, Yaya."

Ta matso ta riƙe gefen amalanken. Ta so ta yi shiru, tambayar ta fi ƙarfinta.

"In ya yi, da sunan wa za ka nema?"

Wannan karon ya kalle ta, ido cikin ido, ya daɗe. Ba ta ga fushi ba, ba ta kuma ga abin da take nema ba.

"Bari ruwan ya yi tukuna."

Ta saki amalanken. Ya tura shi ta ƙofar gida, duron suna gwaruwa da juna saboda babu komai a ciki. Ta ce wa kanta ta koma bakin aiki, amma ƙafafunta suka kai ta bakin titi. Ta tsaya tana kallonsa har mararraba. Hagu hanyar gidansa ce, dama hanyar kasuwa, inda shagon yadin ƙawar nan tata yake, masu maraba da duk wani sirrin gidan. Ya tsaya ya bar wata mota ta wuce, sannan ya karya hagu.

Ta sauke numfashi. Ba ta kai ga juyawa ba ta tuna cewa hanyar hagun ma, in mutum ya wuce gidan Auta kaɗan, tana zagayawa ta faɗa kasuwa ta baya.

"Ke 'yar nan," Goggo ta kira daga ciki. "Zaren ya ƙare. Me zan kaɗa?"

Yaya ta ɗan ƙara tsayawa tana kallon mararrabar, sannan ta shiga ta ɗauko mata ragowar farar ramar da ke kan igiya.